Limone, Ƙauyen Lemun Tsami, da Gadon da Aka Samu Cikin Jinin Mutanensa

A arewacin ƙasar Italiya, inda manyan duwatsun Alfus suka fara sunkuyowa zuwa ga fili, akwai wani tafki mai suna Garda, wanda babu tafkin da ya kai shi girma a ƙasar, tsawonsa ya ɗara kilomita 50. A gaɓarsa ta yamma kuwa, can ƙuryar arewa inda ruwan ya tsuke tsakanin tsaunuka, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Limone, wanda ko a yau mutanensa ba su wuce dubu da 'yan kai ba. Duk baƙon da ya ji sunan nan yakan ɗauka daga lemun tsami aka ciro shi, tun da yake haka ake kiran lemun da harshen Italiyanci, ga kuma itatuwansa nan jere a gindin dutse. Amma malaman lugga sun fi karkata ga cewa sunan ya girmi lemun, wasunsu na cewa asalinsa wata kalma ce ta Latin mai ma'anar iyaka, domin garin ya daɗe yana zaman bakin iyaka, har zuwa 1918 ƙasar Ostiriya tana farawa ne 'yan kilomitoci kaɗan daga arewacinsa. Allah Ya ajiye shi a wani ɗan sarari tsakanin ruwa da dutse mai tsayuwar bango, ta yadda shekaru aru-aru ba a iya shigarsa sai ta jirgin ruwa, ko ta wata siririyar turbar alfadarai da ke bin kan tsauni. Wannan kaɗaici shi ne asalin talaucin garin, shi ne kuma sababin da ya shigar da sunansa cikin littattafan likitanci na duniya, kamar yadda bayani zai zo.

Tun kaka da kakanni mutanen Limone masunta ne kuma manoman zaitun, sai daga baya noman lemun tsami ya shigo, ya zama shi ne sana'ar da aka san garin da ita. Riwayar da ta shahara ita ce wasu malaman addinin Kirista mabiya tafarkin Faransis, mazauna garin Gargnano da ke kudu da Limone, su suka kawo irin itacen daga gaɓar tekun Liguriya tun cikin ƙarni na 13. Amma sai a ƙarni na 17 da na 18 ne abin ya zama fatauci sosai. Wanda ya san lemun tsami ya san itace ne mai son ɗumi, alhali ƙasar nan tana da hunturun da ruwa ke daskarewa, don haka sai mutanen suka yi wata dabara wadda ta cancanci a tsaya a dube ta. Sukan sassare gefen dutse hawa-hawa, su kewaye shi da katanga mai tsawo ta fuska uku domin tare iskar arewa, su bar fuskar da rana ke shigowa a buɗe, sa'an nan su jera ginshiƙai na dutse, dogaye farare, su ɗora musu azara ta katako, su ja ruwa daga ƙoramu ta cikin magudanai zuwa gindin kowane itace. In watan Nuwamba ya kama, sai a rufe lambun gaba ɗaya da alluna da tagogin gilashi, a cusa ciyawa a kowace kafa, ya zama ɗaki; ba za a yaye shi ba sai sanyi ya wuce, wajen watan Maris. Mai lambu yakan ajiye ɗan kwanon ruwa a ciki, ya riƙa tashi cikin dare yana leƙa shi da fitila, da zarar ya ga ƙanƙara ta fara kama fuskar ruwan sai ya hura wuta tsakanin itatuwa, ya zauna yana gadinta har gari ya waye, domin dare ɗaya na sakaci yana iya cinye wahalar shekara ashirin.

Lemun da aka samu da wannan wahala akan tsinke shi da hannu, a ware shi gwargwadon girma, a naɗe kowanne da takarda, a jera cikin akwatuna, a yi arewa da shi zuwa Jamus da Folan da Rasha, inda yake da tsada ƙwarai saboda ya fi na kudu kusa kuma yana jimre tafiya. Shahararren marubucin nan na Jamus, Goethe, ya wuce ta gaban garin cikin kwalekwale a watan Satumba na 1786, ya kuma siffanta lambunan a littafin tafiyarsa ta Italiya, abin da mutanen garin ke alfahari da shi har gobe. A gidan wani ma'aikacin irin waɗannan lambuna ne aka haifi Daniele Comboni a 1831, wanda ya tafi Sudan aikin mishan, ya rasu a Hartum a 1881, daga baya kuma aka kafa makaranta mai sunansa a birnin. Su takwas iyayensa suka haifa, shi kaɗai ya rayu har ya girma, wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin ƙuncin da talakan Limone ke ciki ko a zamanin da kasuwar lemu ke ci.

Kasuwar ba ta ɗore ba. A 1855 wata cuta ta faɗa wa itatuwan, tana sa su zubar da ƙaro har su bushe. A 1861 aka haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya, lemun Sisili wanda ba ya bukatar bango ko wuta ya riƙa isowa arewa cikin araha. Yaƙin Duniya na Farko ya zo aka kwashe mutanen garin saboda kusancinsa da fagen fama, aka kwashe allunan lambuna domin bukatar soja. Bayan yaƙin masana'antu, ciki har da kamfanin Pfizer na Amurka, suka koyi samar da sinadarin tsami ba tare da lemu ba. Sa'an nan matsanancin sanyin hunturun 1928 zuwa 1929 ya ƙarasa abin da ya rage. Ana cikin wannan hali ne aka fasa dutse aka yi hanyar mota mai bin gaɓar yamma, wadda aka gina tsakanin 1929 da 1931, tana ratsa ramuka masu yawa cikin tsauni, ita ce ta buɗe garin ga duniya.

To, garin da ba a shigarsa sai da jirgi, a nan gida ake neman aure. Ɗan wannan unguwa ya auri 'yar waccan, jikokinsu su sake haɗuwa, har ya zama kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san auren zumunci a ƙauyukanmu. Sai dai su suna da wani abu da ya taimaki masu bincike daga baya: tun bayan babban taron malaman cocin Katolika da aka kammala a birnin Trento a 1563, aka wajabta wa limamin kowace majami'a ya riƙa rubuta sunan duk jaririn da aka yi wa baftisma da duk auren da aka ɗaura, da sunayen iyaye, saboda haka nasabar talakan Limone, masunci da mai lambu, tana nan a rubuce ɗaruruwan shekaru kamar ta gidan sarauta.

Kafin mu kai ga abin da aka samu cikin jininsu, wajibi ne a warware wata mas'ala, wadda kowace uwargida ta san asalinta ko da ba ta taɓa shiga makaranta ba. In aka ɗiga man gyaɗa cikin ƙwaryar ruwa, ko an kaɗa shi da maburgi sai ya sake taruwa ya taso sama. In romon nama ya huce, kitsen yakan daskare a fuskarsa ya yi fari. Jinin ɗan Adam galibinsa ruwa ne, alhali jiki ba ya rayuwa sai da maiƙo, musamman wani nau'insa da likitoci ke kira kolestarol, wanda da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake yin ruwan matsarmama, daga gare shi kuma ake ƙera wasu sinadarai masu tafiyar da balaga da haihuwa. Ta yaya ke nan abin da ba ya garwaya da ruwa zai yi tafiya cikin ruwa daga hanta har zuwa tafin ƙafa? Hikimar da Mahalicci Ya sanya ita ce, akan ƙunshe maiƙon cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunsuna, a ɗaure su da igiyar furotin wadda fuskarta ɗaya ke son mai ɗaya kuma ke son ruwa, sai su zama tamkar ayarin fatake cikin jijiya. Ayari guda, wanda ake yi wa laƙabi da haruffan LDL, shi ke fita da kaya daga hanta zuwa sassan jiki, in ya yi yawa sai ya riƙa zubar da kayan a bangon jijiya, su taru, su kumbura, hanya ta ƙuntata, wata rana tarin ya fashe jini ya daskare a kansa, a ce wane ya kamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ɗaya ayarin, mai laƙabin HDL, shi ke bi yana tsince rarar kayan yana mayarwa hanta domin a fitar da ita ta hanji. Madugun wannan ayari na biyu wani furotin ne mai suna ApoA-I, wanda hanta da hanji ke ƙerawa, sarƙa ce mai ƙwayoyi 243 kamar carbi, kowace ƙwaya da mazauninta. Shi ke ƙwanƙwasa ƙofar ƙwayar halitta a miƙo masa kolestarol, shi ke tayar da sinadarin da ke cusa kayan can cikin ƙunshi, shi ne kuma hanta ke ganewa ta karɓi saƙo.

Wannan ilmi a hankali aka tara shi. A 1913 wani likita ɗan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol ya ga jijiyoyinsu sun toshe. A 1929 Michel Macheboeuf ya tsamo irin waɗannan ƙunsuna daga jinin doki a cibiyar Pasteur ta birnin Faris. Wajen 1950 John Gofman a Kalifoniya ya rarrabe su gwargwadon nauyinsu da wata na'ura mai juyawa da tsananin gudu. A 1968 John Glomset ya kawo ra'ayin cewa HDL mai mayar da kaya gida ne. A 1977 kuma binciken nan mai tsawo na garin Framingham a Amurka ya nuna cewa mutanen da HDL ɗinsu ya yi ƙasa sun fi saurin kamuwa da ciwon zuciya. Daga nan abin ya zama kamar ijma'i tsakanin likitoci: yawan HDL alheri ne, ƙarancinsa kuwa alamar hatsari, har aka sa masa suna kolestarol mai kyau.

Ana tsakiyar wannan yaƙini ne, cikin shekarun 1970, wani ma'aikacin jirgin ƙasa haifaffen Limone, mutum mai kimanin shekara hamsin, ya zo hannun wani likita a Jami'ar Milan mai suna Cesare Sirtori, saboda an ga maiƙon jininsa ya yi yawa kuma magani ya ƙi saukar da shi. Da aka auna HDL ɗinsa sai aka tarar kusan babu. Namiji lafiyayye ana son a samu miligiram 40 ko fiye a kowane desilita na jininsa; shi da ɗansa da 'yarsa nasu yana tsakanin 7 da 14. Bisa ƙa'idar da ke cikin littafi, mutum irin wannan kamata ya yi jijiyoyinsa su kasance sun lalace tuntuni, amma aka duba zuciyarsa aka ga lafiya lau, aka tambayi tarihin danginsa ba a ji labarin ciwon zuciya ba. A nan ne nake ganin darajar Sirtori da abokin aikinsa Guido Franceschini, domin abu mafi sauƙi ga likitan da ya ga sakamako ya saɓa wa littafi shi ne ya ce na'ura ta yi kuskure, ya sallami mara lafiya, ya kira na gaba. Su kuwa suka tsaya, suka sake aunawa, suka aika da jinin ga Karl Weisgraber da Robert Mahley a San Faransisko, a 1980 suka buga bayanin, suka raɗa wa furotin ɗin suna ApoA-I Milano, da sunan birnin da aka gano shi, ko da yake in da za a yi adalci sunan ƙauyen ya fi cancanta.

Bambancin da aka samu ɗan ƙanƙane ne har ya ba mutum mamaki. Cikin ƙwayoyin carbin nan 243, guda ɗaya tak, ta 173, ita ce aka musanya: inda sauran mutane ke da wadda ake kira arjinin, su suna da sistin, ita kuwa tana ɗauke da farar wuta, wadda ke sa sarƙa biyu su ƙulle da juna kamar an sa musu ƙugiya. Sai masu binciken suka tattara kayansu suka tafi Limone, suka ɗebi jinin kusan duk mutanen garin, wajen dubu, suka sami mutum 33 masu ɗauke da wannan iri. Sa'an nan suka shiga majami'a suka buɗe tsofaffin kundaye, suna bin uba da uwa, kaka da kakan kaka, kamar yadda malamin hadisi ke bin isnadi, har dukkan silsilolin suka haɗu a kan miji da mata guda da suka rayu a garin a ƙarni na 18. Sakamakon ya fito a 1985, ya kuma tabbatar da cewa daga mahaifi ɗaya ake gadonsa, uwa ko uba, kowane ɗa yana da rabin rabo na samu. Da a babban birni ma'auratan nan suka zauna, da zuriyarsu ta watsu cikin miliyoyi babu mai iya tattaro ta. Dutse da ruwa su suka killace ta wuri guda shekara ɗari biyu har masu ilmi suka iso.

Daga nan labari ya fi ƙarfin masu shi. Jaridu da gidajen talabijin suka riƙa kiran Limone garin tsawon rai, ana cewa mutanensa na cin kitse da cuku yadda suka ga dama ba abin da ke samunsu. Ya kamata mai karatu ya rarrabe tsakanin abin da hujja ta tabbatar da abin da baki ya ƙara. Abin da ya tabbata shi ne masu ɗauke da irin nan, duk da ƙarancin HDL ɗinsu, jijiyoyinsu ba su nuna lalacewar da ake tsammani ba. A 2001 an auna kaurin bangon jijiyar wuyansu aka ga daidai yake da na 'yan'uwansu marasa irin, alhali wasu mutane masu ƙarancin HDL ta wata hanya dabam nasu ya fi kauri. Wannan babban abu ne. Amma cewa sun fi sauran mutane kariya, ko sun fi su tsawon rai, da'awa ce da mutum talatin ko arba'in ba su isa su zama shaidunta ba, balle ga su 'yan gari ɗaya, masu cin kifi da man zaitun, masu hawan dutse da ƙafa tun suna yara. Akwai ma wani tsibiri a Amurka mai suna Tangier, shi ma na masunta ne da suka daɗe a ware, inda a 1961 Donald Fredrickson ya bayyana wasu yara masu ƙarancin HDL ƙwarai, 'yan wuyansu sun kumbura sun yi ruwan goro saboda kolestarol da ya taru a ciki. Sai a 1999 aka gane cewa su ƙofar da ake miƙo wa madugu kaya ce ta toshe. Awo iri ɗaya ne a takarda, amma a wani gida ayari kaɗan ne mai saurin kai da komowa, a wani gidan kuwa kaya ne suka rasa mai fitar da su.

Masu neman magani ba su yi jinkiri ba. Aka koya wa ƙwayoyin bakteriya ƙera furotin ɗin Limone a masana'anta. A 1994 Prediman Shah da abokansa a Los Anjalas suka nuna yana rage toshewar jijiya a zomaye. Wani ƙaramin kamfani a jihar Mishigan mai suna Esperion ya ɗauki aikin, ya ba Steven Nissen na asibitin Cleveland jagorancin gwaji a kan mutane. Aka yi wa masu ciwon zuciya ƙarin ruwan maganin sau ɗaya a mako har mako biyar, ana zura wata 'yar na'ura mai ɗaukar hoto da sauti cikin jijiyar zuciyarsu kafin a fara da bayan an gama. A watan Nuwamba na 2003 sakamako ya fito: tarin da ke bangon jijiya ya ragu da kimanin kashi 4 cikin ɗari, cikin mako biyar, abin da ya ɗauki shekaru yana taruwa. Duniyar likitanci ta girgiza, kafin shekarar ta fita Pfizer ya sanar da sayen Esperion a kan dala biliyan 1.3, wato kamfanin da ya taɓa samar da abin da ya maye gurbin tsamin lemu shi ne ya zo yana sayen abin da aka kwaikwayo daga jinin manoman lemu. Sai dai mutum 47 kacal aka kammala gwajin da su, 11 daga ciki ne suka karɓi ruwan gishiri domin kwatance, kuma Nissen da kansa ya faɗi cewa ana bukatar gwaji mafi girma.

Abin da ya biyo baya darasi ne mai ɗaci. Ƙera furotin ɗin da yawa kuma da tsarki ya yi wuya, aiki ya tsaya shekaru. A gefe guda Pfizer yana gwada wata ƙwaya mai suna torcetrapib, wadda ke ɗaga HDL da fiye da kashi 70 cikin ɗari, a kan mutum dubu 15. A watan Disamba na 2006 aka dakatar da gwajin domin waɗanda ke shan ta sun fi mutuwa. A 2009 aka miƙa maganin Limone ga wani kamfani, The Medicines Company, ya sake tace shi, ya gwada a kan mutum wajen 120 waɗanda dama suna shan magungunan rage LDL masu ƙarfi, a 2016 ya sanar da cewa ba a ga wani bambanci ba, ya ajiye aikin. A 2012 wani babban bincike na gado ya nuna cewa mutanen da aka haifa da wasu irin da ke ɗaga HDL ba su tsira daga bugun zuciya fiye da kowa ba. Na ƙarshe kuma mafi girma shi ne gwajin da aka bayyana a 2024, inda aka ƙara wa masu jinyar bugun zuciya ApoA-I na asali da aka tace daga jinin mutane, cikin gwajin da ya ƙunshi fiye da mutum dubu 18. Cikin kwana 90, kashi 4.8 na waɗanda suka karɓa ne suka sake kamuwa ko suka rasu, kashi 5.2 kuma na waɗanda ba su karɓa ba, tazarar da masu lissafi suka ce ba ta kai a kafa hukunci a kanta ba.

A ganina kuskuren da aka yi na ƙiyasi ne. An ga HDL mai yawa tare da lafiya, sai aka ɗauka shi ne illar hukuncin, alhali sau da yawa alama ce kawai ta mutum mai motsa jiki, marar ƙiba, marar ciwon sukari. Mutanen Limone tun 1980 suke nuna cewa ƙidayar jakunan da ke tsaye a zango ba ta gaya maka yawan kayan da suka isa gida, amma sai da aka kashe dukiya mai yawa, aka kuma yi hasarar rayuka, kafin a karɓi wannan magana. Yanzu masu bincike sun koma auna ƙarfin HDL wajen janye kolestarol daga ƙwayar halitta, likitoci kuma sun mayar da himmarsu ga saukar da LDL, wanda amfaninsa ya tabbata ta hanyoyi masu yawa har ya kai matsayin tawaturi.

Ayarin nan kuma yana ɗauke da abin da ya shafe mu kai tsaye. Makiyayi da saniyarsa ƙudan tsando ɗaya ke cizonsu, saniya ta kamu da sammore ta rame, shi kuwa nau'in ƙwayar cutar da ke kayar da ita ba ya kama shi. A 1978 Mary Rifkin ta gano cewa HDL ne ke kashe ƙwayar cikin jinin mutum, a 2003 aka gane cewa wani furotin ne mai suna ApoL1 da ke tafiya cikin ayarin. A 2010 aka nuna cewa wasu iri biyu nasa, waɗanda suka fi yawa a Afirka ta Yamma, suna iya kashe har nau'in da ke kawo ciwon barci a gabashin Afirka, amma wanda ya gaje su daga uwa da uba yana cikin hatsarin ciwon ƙoda. Binciken da aka buga a 2024 kan mutum fiye da dubu 8 a Nijeriya da Gana, masu ciwon ƙoda da marasa shi, ya sami kusan kashi 30 cikin ɗari suna ɗauke da biyu. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda, ya ga yadda gona da gida ke tafiya cikin 'yan watanni, ya san wannan ilmi ba na nishaɗi ba ne.

Limone a yau garin baƙi ne, otal-otal sun cika gaɓar, galibin lambunan sun zama kufai, ginshiƙansu na tsaye babu rufi, amma akwai guda da hukumar garin ta gyara ta buɗe wa masu ziyara a 2004, inda ake sake rufe itatuwa da alluna duk hunturu kamar da. Zuriyar ma'auratan nan tana nan, ana ci gaba da haifar yara masu irin, likitocin Milan kuma ba su daina bibiyar lafiyarsu ba. Abu biyu suka sa aka san su: likitan da bai yar da sakamakon da ya saɓa wa littafinsa ba, da limaman da suka rubuta sunan kowane jariri ko ɗan wane ne. Ina roƙon likitocinmu matasa, in gida guda ya riƙa kawo muku cuta iri ɗaya, ko ya riƙa tsira daga wadda ta addabi maƙwabta, ku rubuta, ku tambayi dangi. Ku kuma masu gida, ku zauna da tsofaffinku tun suna raye, ku rubuta wa ya haifi wa, wa ya auri wa, da ciwon da ya yi ajalin kowanne, ku ajiye takardar inda 'ya'yanku za su same ta.